Jirginmu Zai Tsaya Zanzibar Yini Ɗaya: Me Za Mu Gani, Me Za Mu Bari?

Tambaya: "Ni da maigidana da yaranmu biyu da mahaifiyata za mu shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa a watan Janairu. A takardar tafiyar an rubuta zai tsaya Zanzibar daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. Muna son mu zaga tsohon gari, mu je tsibirin kunkuru, mu leƙa gonar kayan ƙamshi, sannan yara su yi wanka a bakin tekun Nungwi. Yaya za mu tsara yinin? Kuma mu sayi yawon da jirgin ke sayarwa ne, ko mu nemi namu?"

Hajiya, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Na daɗe ina shirya wa matafiya irin wannan fita, kuma Zanzibar na daga cikin tashoshin da na fi sani, don haka zan faɗa miki gaskiya tun daga farko: wurare huɗun nan ba za su shiga yini ɗaya ba. Biyu za su shiga, cikin natsuwa, kowa ya ji daɗi. Idan kuka matsa sai kun yi huɗun, a mota da kwale-kwale za ku ƙare yinin, Hajiya Babba ta jigata, ku kuma hankalinku yana kan agogo.

Amma kafin maganar yawo akwai maganar takardu, domin ita ce ke iya hana ku taka ƙasa gaba ɗaya. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika a ranar 26 ga Afrilu 1964, kuma bizar Tanzaniya ake shiga da ita. Masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin rukunin da ba a ba su biza a bakin shiga. Sai an nema tun daga gida, hukumar shige da fice ta can ta duba ta amince, kuma shawarar da ake bayarwa ita ce a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya. Kada ki dogara da maganar wanda ya sayar muku da tikiti cewa "ai fasinjojin jirgi ba sa buƙata". Sau da yawa mai wannan magana fasfon Turai ne a ransa. Ki rubuta wa kamfanin jirgin, ki ambaci irin fasfonku, ki nemi amsa a rubuce. A wasiƙar ki haɗa da tambaya kan inshorar baƙi ta dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta wajabta daga 1 ga Oktoba 2024, ki ji yadda suka tsara ta wa fasinjojinsu. Sannan kowa ya riƙe katin rigakafin shawara, domin wanda ya taso daga ƙasashenmu ana tambayarsa.

To, mu koma kan lokaci. Takarda ta ce 8 zuwa 5, awa tara ke nan, amma ba awa tara ce a hannunku ba. Manyan jiragen nan galibi ba sa matsowa bakin tashar jiragen garin da ke unguwar Malindi. Can cikin ruwa suke tsayawa daura da gari, sai a sauke ƙananan jiragen jigila su riƙa kai mutane gaɓa rukuni-rukuni. Kafin a fara sauke kowa sai jami'an ƙasa sun hau sun sallami jirgin. Bayan nan waɗanda suka sayi yawon jirgi su ake fara ɗauka, sauran jama'a su karɓi lamba su jira a kira. Idan kuka taka ƙasa ƙarfe 9 ko 9 da rabi, kun yi sammako. Can ƙarshen yini kuma ƙarfe 5 lokacin tashi ne, ba lokacin dawowa ba. Jigilar ƙarshe takan bar gaɓa rabin awa zuwa awa ɗaya kafin haka, kuma ni ba na yarda matafiyina ya saka ransa a jigilar ƙarshe. Ku sa a ranku ƙarfe 3 da rabi kuna tsaye a inda aka sauke ku. Abin da ya rage awa shida ne, a ciki za a ci abinci, a yi salla, a huta wa tsohuwa. Daga ƙarshen yini ake fara lissafi a dawo baya, duk wurin da bai samu gurbi ba a haƙura da shi.

Akwai tarkon agogo guda biyu. Na farko, jirgi yana da nasa lokacin, kuma wani sa'in yakan saɓa da na garin da aka tsaya. Zanzibar tana gaban Najeriya da awa biyu, wayarki kuma za ta iya canja lokaci da kanta da zarar ta kama sabis ɗin gari. Da safe kafin ku sauka, ki dubi allon da ake kafewa a bakin ƙofar fita mai ɗauke da lokacin jigilar ƙarshe, ki ɗauki hotonsa, ki daidaita agogon hannu da na jirgi, shi za ki bi.

Na biyun shi ne wanda ya taɓa tsinka mini zuciya. Waswahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana. Ƙarfe 7 na safe a wurinsu "saa moja" ne, wato awa ta ɗaya. Sha biyun rana "saa sita", ƙarfe 3 na yamma "saa tisa", awa ta tara. Tazarar awa shida ce cif. Wata shekara wasu ma'aurata da na tura suka yi ciniki da wani direba ya ajiye su a bakin teku, maigidan ya ɗaga yatsu biyu ya ce a zo a ɗauke su ƙarfe biyu. Direban ya gyaɗa kai, alhali shi a lissafinsa awa ta biyu ƙarfe 8 ne na dare. Suka yi ta zuba ido har ƙarfe 3 ta wuce. Allah ya taimaka mai wani shago ya samo musu wata mota, suka iso gaɓa ana kwance igiyar jigilar ƙarshe, matar tana kuka. Tun daga ranar, duk direban da za a yi alkawari da shi, ina cewa a nuna masa lokacin a fuskar waya da lambobi, ya maimaita da bakinsa, a karɓi lambarsa a kira nan take a ji ta shiga, kuma kada a biya shi cikon kuɗi sai ya dawo da ku.

Yanzu me za a zaɓa? Tsohon gari ba ya cikin abin da ake muhawara a kai, domin a bakinsa za a sauke ku. Su suna ce masa Mji Mkongwe, Turawa Stone Town, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ku fara da shi da safe kafin rana ta buɗe. Kun baro hunturu a gida, can kuwa Janairu tsakiyar zafi ne, zafi mai gumi irin na bakin teku wanda ke tsotse mutum ba tare da ya ankara ba. Sa'ar da aka yi ita ce lungunan garin matsattsu ne, benaye sun yi musu rumfa, mota ba ta iya shiga yawancinsu.

Daga tasha ku bi titin bakin teku. Za ku wuce tsohon asibitin nan mai baranda ta katako da aka yi wa ado kamar zanen lalle, sai fadar sarakunan, sai Beit al-Ajaib, Gidan Al'ajabi da Sarki Barghash ya gina a 1883, gini na farko a tsibirin da aka sa wa lantarki. Wani ɓangarensa ya rufta a watan Disamba 2020, don haka ku ɗauka daga waje za ku gan shi. A gaban waɗannan gine-ginen ne jiragen yaƙin Ingila suka yi luguden wuta a ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai wuce minti arba'in da biyar ba aka gama shi. Yara sukan so wannan labarin. Kusa da nan akwai tsohuwar ganuwa da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, akwai inuwa da wurin zama a ciki. Daga nan sai ku kutsa lunguna.

Ki ba ƙofofi lokacinsu. Ƙyauren katako ne masu kauri, an sassaƙa musu furanni da sarƙa da igiyar ruwa a kewaye, wasu da ayar Alƙur'ani a sama, wasu an jera musu ƙusoshin tagulla masu tsini manya kamar dunƙulen yaro. Masu kai a miƙe salon Larabawa ne, masu kai a lanƙwashe salon Indiya. A gindin kowane gida akwai dakali, su kuma "baraza" suke ce masa, dattawa zaune da hula mai aiki suna kurɓar gahawa a ƙananan kofuna. A mahaɗar da ake kira Jaws Corner za ki ga mai gahawa da butarsa bisa garwashi, ana sayar da ita da alawar gyaɗa. Ki koya wa yara su ce wa dattijo "shikamoo", zai amsa "marahaba", fuskarsa ta washe. Kunnenki ma zai riƙa tsintar kalmomi: sabuni sabulu ne, kalamu alƙalami, Alhamisi Alhamis, karafuu kanumfari. Larabcin da ya iso mu ta hamada shi ya iso su ta teku.

Wurin da nake roƙon kada ku tsallake shi ne tsohuwar kasuwar bayi a unguwar Mkunazini. Bayan Sarki Sayyid Sa'id ya maido da fadarsa daga Maskat ta ƙasar Oman zuwa Zanzibar wajen 1840, arzikin tsibirin ya tsaya a kan abu uku: hauren giwa, kanumfari da bayi. Daga can cikin nahiya, har yankin tafkin Tanganyika da Malawi da gabashin Kwango, ake koro mutane a ƙafa zuwa gaɓa, a tsallako da su a sayar, wasu a tura su gonakin kanumfari, wasu a wuce da su ƙasashen Larabawa. A 1873 Sarki Barghash ya rufe kasuwar bisa matsin lambar Ingila, aka gina cocin Angilika a filin. A harabar akwai wani rami da mutum-mutumin mutane biyar a tsaye, sarƙa a wuyansu, akwai kuma ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a matsayin inda aka riƙa tsare bayi. Rufin ya yi ƙasa har sai ka sunkuya, tagar ba ta wuce tsagar da hannu zai shiga ba. Na shiga ya fi a ƙirga, amma ban taɓa fitowa da bakin magana ba. Akwai ɗakin baje kolin tarihi a gefe, da hotuna da bayani dalla-dalla. Ku ba wurin minti arba'in, kuma ki shirya amsa tambayoyin yara, domin za su yi su. Idan Hajiya Babba ba za ta iya matakalar ba, ta zauna a inuwar harabar.

Daga nan kasuwar Darajani taku kaɗan ce. Ɓangaren kifi yana da ƙarni, amma a nan za ku ga kifin da ya fi yaro tsawo a shimfiɗe bisa kanta. Kayan ƙamshi da dabino da atamfar kanga mai rubutun karin magana a gefe duk suna nan, kuma sun fi araha a kan shagunan titin masu yawon buɗe ido. Ana taya kaya kamar a gida. "Bei gani?" shi ne nawa ne.

Azahar takan shiga wajen 12 da rabi a wannan watan. Masallatai sun kai hamsin a cikin tsohon garin, ba za ku rasa ba, kuma na Malindi mai tsohuwar hasumiya yana dab da tasha. Sai dai ba kowanne ne ke da sashen mata ba, a tambaya tukuna. Abin da ke rikita mutanenmu shi ne alƙibla. Mun saba gabas ita ce alƙibla har muna cewa "fuskanci gabas", to a Zanzibar arewa ake kallo, domin Makka tana sama da tsibirin kusan a miƙe. Yawancin jama'ar Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa, za ki ga ƙananan bambance-bambance a salla, kada su dame ki. Idan ranar ta faɗo Juma'a, shaguna da yawa za su rufe da tsakar rana, sai ku yi sayayya da wuri. Abinci kuwa hankali kwance, garin Musulmi ne. Ku nemi pilau ko biriyani, ko urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai da tsire. Ku ci a inda kuka ga 'yan gari sun cika kuma abinci na fitowa da zafinsa. Kasuwar abincin dare ta Forodhani da kowa ke ba da labari sai faɗuwar rana take ci, lokacin kun yi nisa a teku, don haka ku cire ta a rai.

Saura abu na biyu. Nungwi ita ce ta farko da zan cire. Tana can ƙarshen arewacin tsibirin, kusan kilomita 60, awa ɗaya da rabi a mota idan hanya ta yi kyau. Awa uku ke nan a zaune cikin awa shida, ga cunkoson shigowa gari da yamma, ga shingayen 'yan sanda, kuma taya ɗaya ta fashe lissafi ya rushe. Bakin tekun yana da kyau ƙwarai, farin yashi kamar garin rogo, amma na wanda zai kwana ne. Haka gaɓar gabas irin su Paje, inda ƙari a kan nisa ruwa ke janyewa da nisan gaske sau biyu a yini, mutum ya zo wanka ya tarar da fili. Dajin Jozani mai jajayen biran nan da babu irinsu sai a tsibirin shi ma kusan awa ɗaya ne, sai dai a musanya shi da wani abu.

Tsakanin tsibirin kunkuru da gonar kayan ƙamshi kuwa, zaɓin ya danganta da ƙafar Hajiya Babba. Tsibirin kunkurun, wato Changuu, wanda kuma ake ce wa Tsibirin Kurkuku, yana da nisan kilomita biyar da ɗoriya, tafiyar kusan rabin awa a kwale-kwale mai inji. An kammala ginin kurkukun a 1894 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cuta. Manyan kunkurun kyauta ce daga tsibiran Seshel a 1919, wasu sun haura shekara ɗari, girman ɗaya ya kai a ce turmi uku aka haɗa. Yara za su yi murna, kuma akwai ɗan bakin ruwa da za su jiƙa jiki, ya maye musu Nungwi. Matsalar ita ce shiga kwale-kwalen. Daga kan yashi ake hawa, sai an taka ruwa an ɗaga ƙafa, kuma iskar kaskazi da ke kaɗawa daga arewa maso gabas a wannan lokacin takan tayar da igiyar ruwa da rana. Idan za ku je, ku juya tsarin: tsibiri da safe, ku dawo kafin azahar, tsohon gari daga baya, domin a ƙarshen yini ya kasance ƙafarku kawai ke tsakaninku da tasha. Kada ku hau sai kun ga rigar ceto ta kowa, har da daidai jikin yara.

Da ni ce da mahaifiyata, gona zan zaɓa. Gonakin Kizimbani da Kidichi ba su wuce tafiyar rabin awa ba, a inuwa ake yawo, a hankali. Mai zagayawa da ku zai kankare ɓawon wata bishiya ya miƙo, ki shinshina ki ji kirfa ce. Zai nuna miki masoro yana hawa jikin itace kamar wake, kore shar kafin a shanya shi ya yi baƙi. Zai fasa wani ɗan itace, ƙwallon gyaɗar ƙamshi ya bayyana a naɗe cikin jan zare. Zai tono kurkum ya goga miki a tafin hannu. Kanumfarin da muke jefawa a kunun aya da yaji, a nan za ki ga ashe tohon fure ne da ake tsinka kafin ya buɗe. Duk macen da ta yi shekara arba'in tana daka waɗannan abubuwa ba ta taɓa ganin uwarsu ba, wannan yawon nata ne. Na ga dattijuwa ta riƙe reshen kanumfari tana ta salati. Awa biyu da rabi sun isa, har da zuwa da dawowa.

Game da sayen yawon jirgi ko neman naku, ga ƙa'idar da nake bi. Yawon jirgi ya fi tsada, sau da yawa ninki biyu ko fiye, kuma a cikin ayari za a riƙa kora ku. Abin da kuɗin ke saya muku shi ne fita a jigilar farko, da kuma cewa idan motarsu ta makara jirgi zai jira ta ko kamfani ya ɗauki nauyin sada ku da shi. Wanda ya fita da kansa ya makara, ba a jiransa. Saboda haka duk abin da ya haɗa da tsallaka ruwa ko tafiyar da ta wuce minti 45, a saya a jirgi. Tsohon gari da gona kuwa za ku iya da kanku, da ɗan jagora mai lasisi. Da kun fito ƙofar tasha matasa za su yanyame ku, kowa na cewa shi ne jagora. 'Yan gari suna kiransu "papasi", wato kaska. Ba faɗa ake yi da su ba, neman abinci suke. A ce "hapana, asante" a ci gaba da tafiya. Jagoran gaskiya yana da katin shaida na hukumar yawon buɗe ido, ki nemi gani, a yanke farashi kafin a ɗaga ƙafa, a kuma fayyace ko kuɗin shiga wurare yana ciki.

Kuɗin ƙasar shilin ne, kuma tun 2025 gwamnati ta tsaurara dokar cewa a shilin za a riƙa ciniki a cikin gida. Ku canja kaɗan a wurin canji mai rajista, ku nemi ƙananan takardu. Dalar da za ku kawo ta zama sabuwar bugawa marar yagewa, tsofaffi ba sa karɓuwa. Kada ku shigo da leda, an haramta ta. Kada ku sayi ƙwanson teku ko murjani ko wani abu na jikin kunkuru. Maganar sutura ba sai na faɗa miki ba, shigarmu ta gida ita ce daidai a can, sai dai a zaɓi yadi marar nauyi da takalmi mai riƙe ƙafa, domin duwatsun lungunan ba su daidaita ba.

A jakar hannu ki sa ruwan sha, da maganin da Hajiya Babba ke sha na kwana biyu ba na yini ɗaya ba, da katin jirgi na kowa, da kwafin fasfo da na biza, da katin banki. Abu na ƙarshe da yawancin fasinjoji ba sa kula da shi: a takardar shirin yini da ake saka muku a ɗaki kowane dare akwai suna da lambar wayar wakilin jirgin a tashar. Shi ne mutumin da za a kira idan mota ta lalace ko wani ya yi rashin lafiya, kuma idan jirgi ya tashi ya bar mutum, a hannunsa ake barin fasfonsa. Ga mai fasfo irin namu, wanda tasha ta gaba ma wata bizar take nema, wannan lamba ba abin wasa ba ce. Ki ɗauki hotonta, ki kuma rubuta ta a takarda, ɗaya a jakarki, ɗaya a aljihun Alhaji.